Tela da Hasken da Ido Ba Ya Gani

A layin da shagonsa yake, abu biyu aka san Tela da su. Na ɗaya, wuyan riga: in ya ɗinka maka, sai ya zauna daram kamar da shi aka haife ka. Na biyu, hannunsa ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale. In ka manta tocila a shagonsa, gobe za ka same ta tana haske fiye da yadda ka bar ta, amma ka sa a ranka ya riga ya ga hanjinta.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo. Daga gaba akwai keken ɗinki, da teburin yanka, da dogon madubi wanda gefensa ya fara cin tsatsa. Can ƙurya, bayan wani labule, akwai ɗan teburi a ƙarƙashin taga wanda yadi bai taɓa hawa kansa ba. A nan yake ajiye ƙananan sukundireba guda tara, da ƙarfen narka dalma, da ɗan hantsakin da ya ara wurin matarsa tun ba a haifi 'yarsu ta fari ba, da gilashin ƙara girma, da gwangwanayen maɓalli cike da 'yan ƙusoshi waɗanda shi kaɗai ya san daga cikin me kowace ta fito. Kullum bayan abincin rana sai ya ja labulen ya zauna awa ɗaya. Ba sana'a ya ɗauki abin ba. In wani ya kawo masa rediyo, sai ya nuna masa shagon masu gyara a ƙarshen layi. Shi dai burinsa ya ga yadda aka yi abu.

Cutar ta daɗe a jikinsa. Yana ɗan shekara bakwai ya kwance agogon tebur na mahaifinsu, ɗaya tilo a gidan, ya baje kayan cikinsa a faranti. Yayarsa ce ta same shi. Ta girme shi da shekara goma sha biyu, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu ita ce uwa. Ita ta goya shi, ita ta koya masa riƙe allura. Ba ta dake shi ba. Ta zauna kusa da shi ta ce, “Auta, tunda ka iya fito da su, sai ka mayar.” Suka wuni a kai. Agogon ya tashi, sai dai daga ranar yana gaba da minti goma, kuma mahaifinsu har ya bar duniya yana yabon kansa cewa shi ba ya makara. Sunan Auta kuwa bai bar bakin Yaya ba, har ya yi furfura, har ya aurar da 'ya'ya.

Yana da shekara hamsin da tara wata kyamara ta shigo hannunsa. Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, aikin haƙa rijiyar burtsatse yake yi. Suna da wata 'yar kyamara wadda ba ta fi kwalin ashana biyu ba, irin wadda masu tseren keke ke ɗaurawa a hula. Su kuwa igiya suke ɗaura mata su zura ta cikin rami, in sun jawo ta su duba inda bututu ya tsage. Wata rana murfinta bai rufu da kyau ba, ta sha ruwa ta ƙoshi, ta yi shiru.

“Baba, masu gyara sun ce ta riga mu gidan gaskiya,” in ji surukin, ya ajiye ta a kan teburin yanka. “Na ce kafin a jefar bari in kawo maka ka ɗebe kewa.”

Tela ya juya ta a tafin hannunsa. Ba nauyi ko kaɗan.

“A ce duk abin da ke ƙasan rijiya wannan ke gani?”

“Har da sauti, Baba. In kana kusa da ita ma, tana aiko hoton cikin wayarka ba tare da an jona komai ba.”

“To, bar ta nan.”

Kwana uku ya yi yana kallonta bai taɓa ba, don bai ga ƙofar shiga ba. A rana ta huɗu ya lura fuskarta manne take, ba ɗaure ba. Ya ɗauko abin farke ɗinki ya zura ta gefe a hankali, fuskar ta ɗago, sai ga ƙusoshi huɗu, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ya kwance su ya ɗora a kan mayen ƙarfen da yake tsince allurai da shi.

Da ya ɗaga murfin ya kanga gilashi a ido, sai ya daɗe bai motsa ba. Ya buɗe rediyo a rayuwarsa, ya buɗe talabijin, ya san waya ya san dalma. Wannan kam wani abu ne daban. Koren allo ne da bai fi faɗin yatsa biyu ba, a kansa kuwa gari guda: baƙaƙen gidaje manya da ƙanana, da tituna masu ruwan zinariya, sirara fiye da zaren siliki, suna tafiya a jere, su karya kwana tare, su nutse cikin rami su ɓullo ta bayan allon. Ya fara ƙirga 'yan ƙwayoyin da ke kusurwa ɗaya, ya kai sittin ya haƙura. Shi mutum ne da ya san ɗinki, ya san wahalar jera layi biyu su tafi daidai tsawon kamu ɗaya. Ga layi arba'in a faɗin farce, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa.

Matarsa ta kawo masa shayi ta same shi a haka.

“Malam, lafiya?”

“Zo ki ga aiki.”

Ta leƙa ta gilashin. “Ni dai datti na gani,” ta ce.

Gaskiyarta kuwa. Ruwan rijiya ya bar wani farin gishiri-gishiri da kore-kore a kan allon. Sati biyu Tela ya yi yana wanke shi da sifirit da buroshin haƙori wanda ya rage wa gashi da almakashi. Ya sami wata siririyar igiya mai kama da ɓawon albasa wadda ta haɗa allon da idon kyamarar, ya zare ta yana riƙe da numfashi, ya goge bakinta, ya mayar. Ya sami titi ɗaya da tsatsa ta cinye, ya ɗinke shi da silin waya da ɗigon dalma, sai a gwaji na shida ya kama. Ran da ya sa sabon batir ya danna, wata 'yar jar fitila ta ƙifta, kyamarar ta yi kuka sau biyu kamar ɗan tsako. 'Yarsa ta zo ta haɗa masa ita da wayarsa. Hoto ya fito, amma dishi-dishi, kamar ana kallo ta cikin hawaye.

Ashe ruwan ya shiga har cikin idon. Ya murɗe idon ya fitar. A bayansa akwai wani ɗan gilashi mai kusurwa huɗu, ƙarami kamar ɓawon kifi, in ka karkata shi ya yi ja, in ka sake karkatawa ya yi kore. Tabon ruwan a kansa yake. Ya kama shi da hantsaki zai goge, sai ya ji ƙas. Ya rabu uku.

Ranar ya ɓata hannun riga biyu. Matarsa ta ce tunda suke ba ta taɓa ganin ya ture kwano da abinci a ciki ba sai ranar. Washegari ya ce bari dai ya mayar da komai mazauninsa ya miƙa wa mai ita. Ya rufe ta ba gilashin, ya kunna don ya ga iyakar ɓarnar da ya yi, ya juya ta wajen taga.

Duniya ta fito ruwan hoda. A bayan shagon akwai wata tsohuwar bishiya da ya shekara talatin yana kallo. A cikin wayar ganyenta ya koɗe, ya yi fari-fari yana sheƙi. Ya ɗaga kai ya dubi taga, kore shar. Ya sunkuya ya dubi waya, fari. Ya yi haka ya fi sau goma.

Ya fito da ita gaban shago. A kan teburin yanka akwai baƙin yadi iri biyu, na wando, waɗanda shi kansa sai ya taɓa yake bambance su. A cikin wayar ɗaya yana nan baƙi wuluk, ɗayan kuwa ya yi haske kamar rigar 'yan makaranta. Ya ɗauki yadin ya kai shi bakin ƙofa, ya murza, har da shinshinawa. Baƙi ne. Shekara arba'in ana yabon idonsa a kan launi, mata na kawo masa zare ya zaɓa musu, yau ga wani ɗan akwati yana nuna masa akwai abin da ya wuce shi.

Abin da ya ƙarasa shi rimot ne. Ya ɗauka zai rage ƙarar talabijin ɗin shago, kyamarar na fuskantarsa, sai ya ga bakin rimot ɗin yana walƙiya a cikin wayar kamar tocila. A ido kuwa ba komai. In ya danna ya walƙa, in ya saki ya mutu. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi wurin Mai Hoto.

Mai Hoto abokinsa ne tun ƙuruciya. Ya ci zamaninsa da ɗakin wanke hoto kafin waya ta kashe kasuwar. Yanzu hoton fasfo kawai yake ɗauka, sauran lokacin kuma ya zauna yana ƙorafi a kan 'yan zamani. Ya saurari labarin, ya karɓi gutsattsarin gilashin da Tela ya ƙunso a takarda, ya karkata su a haske, ya yi dariya.

“Kai ko ɓarnarka sa'a gare ta. Ka san me ka fasa? Mai gadi ka fasa.”

“Mai gadin me?”

“Haske iri-iri ne. Akwai wanda idonmu ke gani, daga ja zuwa shuɗi. To, gaba da ja akwai wani. Yana nan cike da duniya, rana na zubo shi, mu dai ba a ba mu ganinsa ba. Kyamara kuwa tana ganinsa. Shi ya sa masu ƙera ta suke kafa wannan gilashin a bakin ƙofa ya hana shi shiga, don hoto ya fito irin na idon mutum. Kai kuma ka sallami mai gadi.”

Tela ya waiga ya dubi ɗakin. “Kana nufin yanzu haka yana cikin ɗakin nan?”

“Ga shi nan a kan hancinka.”

“Tun yaushe?”

“Tun da aka yi rana.”

Mai Hoto ya jawo wata tsohuwar durowa ya fito da guntun fim, baƙar wutsiyar nan da kan saura in an wanke hotuna. Ya ce wannan akasin mai gadi ne, yana tare hasken da muke gani ya bar wancan ya wuce. A nan kan teburinsa Tela ya sake buɗe kyamarar, ya yanki fim ɗin da almakashin aljihu, ya ninka biyu, ya saka a gurbin gilashin da ya fashe. Suka fita bakin titi, dattawa biyu, kai a haɗe a kan waya ɗaya. Sama ta yi baƙi ƙirin da rana tsaka. Bishiyoyin titi sun yi fari tas kamar an yi ruwan auduga a kansu. Mutane na wucewa da fuskoki sumul da idanu baƙaƙe. Mai Hoto, da ya gama zuba bayani kamar malamin makaranta, shi ma ya ƙura wa wayar ido. Can ya ce a hankali, “Ni a takarda na karanta. Ban taɓa gani ba.”

Wata biyu Tela yana nuna wa kyamarar duk abin da ya samu. Baƙin lemun kwalba ya zama kamar ruwa, baƙin tabarau ya zama garau, gashin matarsa da ta rina ya tona mata asiri, har ta kafa dokar kada a sake shigo mata da abin gida. Ya gano cewa in ya sassauta idon zagaye ɗaya, tana ganin abu na kusa tar. A haka wata rana, yana gyara mata zama a bakin taga, ta kalli hannunsa. Sai ya ga wasu baƙaƙen layuka a ƙarƙashin fata, sun taso daga wuyan hannu, sun rabu, sun sake haɗuwa, kamar rafuka masu neman kogi. Ya dunƙule hannu, suka ƙara fitowa. A ido fatarsa baƙa ce lumui, ba a ganin komai. Jijiyoyin jininsa yake kallo, da ransa, ba a yanka shi ba.

Bai kira kowa ba. Yaya ce ta faɗo masa a rai.

A lokacin Yaya ta kusa shekara tana jinya. Ciwo ne a cikin jini, wanda ya sa duk ranar Talata sai an kai ta asibiti an ɗebi jini an yi mata ƙarin ruwa da magani, kuma Tela ne ɗan rakiya. Maganin bai dame ta ba, allurar ce bala'in. Jiki ya kumbura, jijiyoyi sun gudu, ma'aikatan jinya su ɗaure, su bubbuga, su soka, su zare, su koma ɗaya hannun. Wata rana har sau biyar. Ba laifinsu ba ne, da yatsa suke lalube abin da ba sa gani. Yaya ba ta kuka, sai dai ta juya fuska bango, ta kama hannun Tela ta matse har farcenta ya bar shaida. Ranar nan a hanyar komawa gida ta ce masa, “Auta, ni na gaji. Talata mai zuwa ka ce musu na yi tafiya.”

Matsalar ita ce a cikin ɗaki hasken nan ba shi da yawa. Ya gwada a zauren jira na asibitin, hoto ya fito duhu. Sai ya tuna da rimot. Ya bi shagunan masu gyara yana roƙon matattun rimot, suna ba shi suna dariya, har ya cika leda. Ya ciro 'yar ƙwayar da ke bakin kowanne, ya jera goma sha biyu a zagaye a kan kwalin nan da ake sa wa wuyan riga don ya tsaya, ya haɗa su da dalma da batir, ya kafa kyamarar a tsakiyarsu. Na farko suka ƙone gaba ɗaya, shago ya ɗauki warin roba. Wani mai gyaran rediyo ya tausaya masa ya ba shi 'yan abubuwan da ke rage ƙarfin wuta, ya nuna masa inda ake sa su. Na biyu hasken ya taru a tsakiya, fata ta fito fara fat ba layi ko ɗaya. Ya rufe ƙwayoyin da farin yadi mai shara-shara ninki biyu, hasken ya bazu. Sannan ya ɗinka wa abin riga mai siffar mazurari don ta tare hasken waje, da yadin nan da ya zauna baƙi a idonsa da idon kyamara. Ya gwada a hannunsa, da na Mai Hoto, da na matarsa, har ta ce in ya sake biyo ta wurin girki da mazurarin nan za ta jefa shi a tukunya, ba ta kuma faɗi wanne daga cikinsu take nufi ba.

Ranar Talata ya lallashi Yaya suka tafi, abin yana cikin jakar da yake sa tef da alli. Babbar ma'aikaciyar jinyar ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, mace ce mai kaifin ido da ƙarancin magana. Ta soka sau ɗaya a hannun dama ba ta samu ba. Tana shirin na biyu, Tela ya yi gyaran murya.

“Sista, in ba za ki ji haushi ba, na zo da wani abu.”

Ta dubi mazurarin yadi da wayoyin da ke leƙowa ta gefensa. “Baba, mene ne wannan?”

“Kyamara ce. Tana nuna jijiya.”

“Wa ya haɗa?”

“Ni.”

“Aikinka ke nan?”

“A'a, ni tela ne.”

“To Baba, ka yi haƙuri. Ba na kusantar marar lafiya da abin da ban sani ba.”

“Gaskiyarki. Ba ya taɓa jiki, amma gaskiyarki. Ko za ki duba a nawa hannun?”

Yaya ta juyo daga bango. “'Yar nan, duba masa. In ba ki duba ba, ni zai dama da magana har gida.”

Sista ta dubi agogonta ta ce minti ɗaya. Tela ya naɗe hannun riga, ya riƙe abin tazarar taƙi ɗaya sama da fatarsa, ya miƙa mata wayar. Ta kalla. Ta kai yatsa inda layin ya nuna, ta ga yatsan nata a cikin wayar ya sauka a kan layin, ta kuma ji taushin jijiyar a ƙarƙashinsa. Ta ɗaga ta danna wani wurin. Sai ta naɗe nata hannun ta ce, “Haska nan.” Ta daɗe tana kallon hannunta. Minti ɗaya ya zama biyar.

Ta fita ta dawo da likita, wani dogo mai tabarau. Ya juya abin, ya tambayi irin ƙwayoyin da ke ciki, ya kara su a bayan hannunsa ya ji ko suna zafi. Ya ce akwai injin da aka ƙera musamman don wannan aikin, ya taɓa gani a babban asibitin da ya yi karatu, kuma hikimar ɗaya ce: jini yana shanye wannan hasken, nama yana mayar da shi.

“Ashe an riga ni,” in ji Tela, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. “To na gode Allah, ba hauka nake ba.”

Likita ya yi murmushi. Ya ce ba zai yarda a yi amfani da shi a kan sauran marasa lafiya ba, tunda ba a gwada shi yadda ya kamata ba. Amma in mai jiki ta yarda a haska nata hannun don dubawa kawai, yatsan Sista kuma shi ne mai yanke hukunci, to shi ba shi da ta cewa.

“Mai jiki ta yarda,” in ji Yaya, ta sake juyawa bango.

Tela ya riƙe abin a kan hannunta na hagu. Ya tokare gwiwar hannu da ƙarfen gado. Da farko ba komai sai fari da tabon tsofaffin allurai. Ya gangara a hankali. Can ƙasa da gwiwar hannu, ta gefen waje, inda ba wanda ya taɓa nema, sai ga wani layi, siriri amma miƙaƙƙe, ya yi tsawon ɗan yatsa kafin ya nutse. Sista ta ɗiga alama biyu da biro, ta ajiye wayar, ta lalube da yatsa ido a rufe, ta gyaɗa kai. Ta goge wurin da auduga. Tela ya zagaya ya ba Yaya hannunsa ta matse. Allura ta shiga, jini ya biyo ta.

“Ku yi ku gama mana,” in ji Yaya, fuska na bango.

“An gama, Mama.”

Yaya ta juyo. Ta dubi hannunta, ta dubi robar ruwan da ta fara ɗiga, ta dubi ƙanenta. Ta ce a ba ta wayar. Tela ya haska mata ɗaya hannun, ta riƙe wayar nesa da fuska yadda masu tsufan ido ke yi, tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya.

“Duk wannan a jikina yake?”

“A jikinki, Yaya.”

“Shekara saba'in da ɗaya ina yawo da su ban sani ba.” Ta sake duban wayar. “Wanda ya shimfiɗa wannan ya iya aiki.”

Ba kullum abin ke ci ba. Wata Talatar kumburi ya yi yawa, ba a ga komai ba, aka koma lalube. Wata kuma batir ya mutu ana tsakiyar dubawa, Sista ta yi masa faɗa kamar ɗalibinta, ya tsaya yana ba da haƙuri hula a hannu. Amma yawancin ranaku sau ɗaya ake sokawa, kuma Yaya ta cika sauran watanni tara na maganinta ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ƙara shekara biyu a duniya. Ta rasu a ɗakinta wata safiya, bayan ta gama yi wa jikokinta faɗa a kan takalman da suka bari a bakin ƙofa.

Bayan rasuwar da kamar wata huɗu, wata Asabar da hantsi, Tela yana kan keke sai ga Sista a ƙofar shago cikin kayan gida, sai da ta yi magana ya gane ta. A bayanta 'yan mata shida da samari biyu, ɗaliban aikin jinya da aka ba ta ta koyar. Ta ce ta gaji da zana musu jijiya a allo suna gyaɗa kai ba su gane ba. Ko Baba zai ara musu rabin awa?

Ya ture yadin da ke gabansa. Suka jeru tsakanin teburin yanka da madubi, kowa hannu a naɗe. Sista ta sa kowannensu ya fara lalube hannun na kusa da shi da yatsa, ya ɗiga alama inda yake zato, sannan Tela ya haska a ga wanda ya dace. Wata ta dace, ta rufe baki da hannu. Wani ya kauce da faɗin yatsa biyu, 'yan'uwansa suka yi masa dariya, Sista ta ce ya sake, ya sake har sau uku. Rabin awa ta wuce, awa ta cika.

Ana cikin haka wani mai kanti ya zo karɓar wandonsa. Ya tsaya a ƙofa yana duban agogo, yana cewa shi fa sauri yake yi, kuma tun jiya aka ce masa an gama. Tela ya ce wando na nan a rataye, ya ɗauka. Mutumin ya ɗauka, ya saɓa a kafaɗa, ya juya zai fita, sai idonsa ya faɗa kan wayar da ke hannun Sista. Ya tsaya. Ya ɗan matso. Can ya ajiye wandon a kan kujera, ya ɓalle maɓallin hannun rigarsa, ya je ya tsaya a bayan ɗalibin ƙarshe.